GATARI DA SUNAN TAUHIDI



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya tsirar mana da abin da muke ci da abin da muke fakewa a ƙarƙashinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, akwai wata ɓarna da muke tafkawa a ƙasar Hausa da rana tsaka, wadda ba kasafai ake hawa mumbari a kira ta da sunanta ba. Muna jin huɗuba a kan riba, muna ji a kan zina da shaye-shaye da tauye mudu, kuma duk sun cancanci a yi magana a kansu. Amma mutum zai ɗauki gatari ya kayar da kukar da ta girmi kakan kakansa, ya mayar da tsamiyar da unguwa guda ke sha wa inuwa buhunan gawayi, sannan ya wanke hannunsa ya shiga sahun farko, babu mai ce masa kanzil. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a wasu lokuta ana aikata wannan da sunan addini, har a yi kabbara idan itacen ya faɗi. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: sare itatuwanmu na gado ba tare da larura ba zalunci ne, kuma jingina shi ga tauhidi ƙarya ce ake yi wa tauhidi.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan kana son ka gane girman asarar, saurari sunayen garuruwanmu da unguwanninmu. A birnin Kano akwai Dorayi, akwai Kurna, akwai Kukar Bulukiya, akwai Tsamiyar Boka da Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Kasuwar Rimi. A Kaduna akwai Kawo da Unguwar Rimi. A Sakkwato sunan Giginya ya shiga tarihi tun yaƙin da aka gwabza da Turawa a 1903. A jihar Tawa ta Nijar akwai garin Bagaruwa. Kukawa kuwa, wadda Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ya kafa a 1814 ta zama fadar Barno, daga kuka ta samo sunanta. Kakanninmu da itace suke gane wuri, a gindinsa suke cin kasuwa, a gindinsa alƙali ke zama, a gindinsa malami ke ba da karatu. To ka je Dorayi yau ka tara yara goma ka ce su nuna maka dorawa. Da yawa daga cikinsu sun san ɗanɗanon daddawa a miya, amma ba su san kalwa ba, balle uwar da ta haifi kalwar. Sunan yana nan a jikin allon kan titi, mai sunan kuwa ya daɗe da shiga murhu.

Kada wani ya ɗauka begen ƙauye ne ke damuna. Ina so ne ka dubi makarantar allo, wadda ta riƙe mana Alƙur'ani shekaru aru-aru kafin zuwan injin ɗab'i, ka ga da me aka gina ta. Allon da ake rubutu a kai, itacen aduwa na cikin waɗanda aka fi sassaƙa shi da su saboda ƙwarinsa da santsinsa. Tawada ba ta kama allo sai an sa mata ƙaro, ƙaro kuwa daga jikin ɗakwara da danginta yake fita. Tabarmar da almajiri ke zama a kai ta kaba ce, kaba kuwa ganyen goriba ce. Fatar da ake yi wa Alƙur'ani gafaka da ita, da bagaruwa majema suka jeme ta. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da azarar giginya aka ɗaure bakan-gizonsa, domin gara ba ta cinta. Ranar da kuma ajali ya zo, da ruwa da ganyen magarya sunna ta koyar a yi wa mamaci wanka, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya (RA) game da wankan 'yar Manzon Allah (SAW). Daga ranar da aka kai yaro makaranta har zuwa ranar da aka ɗauke shi a makara, addininsa yana tafiya ne a inuwar waɗannan itatuwa. Ban ma taɓo zancen tukunya ba: miyar kuka, kunun tsamiya, man kaɗe, maɗin ɗinya, muruci, garin dorawa da yara ke lasa a lokacin da rumbu ya fara ƙasa.

Yanzu bari in fuskanci masu gatarin tauhidi, domin su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Hujjarsu ba ta wuce biyu ba. Ta farko ita ce wai kuka da tsamiya matattarar aljanu ce, saboda haka barin su a cikin gari haɗari ne ga mata da yara. Ina tambaya: daga wane littafi aka karanto wannan? Wanda ya ce aljanu sun keɓanci tsamiya da zama, daga bakin 'yan bori ya ji, domin su ne ke da wannan aƙida tun asali. To ka ga abin mamaki, saurayi ya yarda da maganar ɗan bori ɗari bisa ɗari, har tsoro ya hana shi wucewa ta gindin itacen bayan magariba, sannan ya zo da safe ya sare shi yana cewa yana yaƙi da shirka. Ai wannan saran shi ne babbar shaidar cewa camfin ya kama shi. Mun yi imani da samuwar aljanu, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su, kuma nassoshi sun nuna cewa shaiɗanu na halartar makewayi da kasuwanni, suna ma shiga gidajen da ba a ambaton Allah. Shin akwai wanda ya taɓa rushe makewayin gidansa saboda wannan, ko ya cinna wa kasuwa wuta? Abin da Manzon Allah (SAW) ya koya mana shi ne addu'ar shiga da ta fita, da zikirin safiya da na maraice. Wanda ya riƙe waɗannan ya kwana a gindin kuka lafiya lau. Wanda ya yi sakaci da su kuwa, ko ya mayar da garinsu fili fetal bai tsira daga waswasi ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kama da ilimi, don haka ta fi cancantar a tsaya mata. Suna cewa Sayyidina Umar (RA) ya sa an sare itaciyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta a Hudaibiyya, da ya ji mutane na zuwa salla a wurin. Kuma Khalid ɗan Walid (RA) ya sare itatuwan gunkin Uzza a Nakhla bayan buɗe Makka. Har a nan gida, tarihin Kano ya ambaci sare itacen da ake bauta wa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, aka gina masallaci a wurin. Amsa ita ce, labarin Umar (RA) Ibnu Sa'ad ne ya kawo shi ta hanyar Nafi'u, Nafi'u kuwa bai riski Umar ba, shi ya sa wasu malaman hadisi suka ce a yanke yake. A cikin Sahihul Bukhari ma an ruwaito daga sahabban da suka halarci mubaya'ar cewa da suka koma a shekara mai zuwa, itaciyar ta ɓace musu, ba su iya tantance ta ba. Amma mu ƙaddara labarin ya inganta. Itaciya guda ce, wadda aka tabbatar mutane sun fara mayar da ita wurin ibada, kuma shugaban Musulmi ne ya yanke hukuncin. Uzza gunki ne da Ƙuraishawa ke yi wa yanka, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya aiki Khalid. Ina alaƙar wannan da tsamiyar bakin masallacinku, wadda babu abin da ake yi a gindinta sai sayar da ƙosai da alwala? Idan an sami itacen da lallai ake kai masa jan zakara ana ɗaura masa ƙyalle, to wannan magana ce ta hukuma da malaman gari, kuma wa'azi shi ne kan gaba, domin shirka a zuciya take zaune. Wanda zuciyarsa ta karkata ga tsafi, idan ka sare masa kuka zai koma ga suri, idan ka baje surin zai koma ga mararrabar hanya.

Akwai kuma abin da na lura da shi, kowa ma zai iya lura idan ya sa ido. Sau da yawa labarin aljanun wata bishiya ba ya tashi sai filin da take ciki ya yi daraja. Itacen da ya shekara ɗari bai shaƙe kowa ba, ranar da aka fara yanka fulotai a unguwar sai ka ji an ce an ga farar mace a gindinsa da dare. Kafin wata ya zagayo, mai injin yankan katako ya zo, mai gawayi ya biya, dillalin fili ya sami wurin shaguna uku. Ruwa ba ya tsami banza. Su kuwa samarin da suka yi kabbara, da zufa kawai suka tashi.

To me shari'a ta ce a kan itace? Abu Dawuda ya ruwaito hadisin Abdullahi ɗan Hubshi (RA) wanda a cikinsa aka yi narkon wuta ga wanda ya sare magarya, kuma da aka tambayi Abu Dawuda ma'anarsa, sai ya bayyana cewa ana nufin magaryar da ke cikin daji wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta, mutum ya sare ta don wasa da zalunci ba tare da wani hakki ba. Masana tsirrai sun nuna cewa itacen da Larabawa ke kira sidir ya haɗa da wanda mu muke kira kurna, ita da magarya kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne. Wato maganar ta faɗo daidai kan itatuwan da ke bayan gidanmu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu suka fi kowa riƙo da shi, akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham da runduna, inda ya hana shi sare itace mai 'ya'ya. Wannan fa a fagen fama ne, a ƙasar abokan gaba. Abin da aka hana mayaƙi ya yi wa Rumawa, shi muke yi wa kanmu a lokacin zaman lafiya. Manzon Allah (SAW) ya sanya Madina ta zama harami, ba a sare itacenta, kamar yadda Makka take. Ya kuma keɓe Naƙi'u ta zama hima, wato makiyayar da aka killace don maslahar jama'a. Umar (RA) ya killace Rabaza, kuma Malik da Bukhari sun kawo umarnin da ya ba bawansa Hunayyu da ya ɗora a kan hima: ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya kange dabbobin Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su attajirai ne, idan dabbobinsu suka halaka suna da gonakin dabino da za su koma wa, talaka kuwa babu inda za shi sai ƙofar shugaba da 'ya'yansa. Ka dubi wannan fiƙihu! Gandun daji, da mai gadi, da doka mai fifita mai rauni, tun ƙarni na farko na Hijira. Duk da haka idan ka yi zancen kare daji a majalisar samari, sai wani ya murguɗa baki ya ce wannan ajandar Turawa ce.

Na san za a ce mini, malam, kai kana maganar inuwa, mu muna maganar tukunya. Gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta kori gidaje masu yawa daga gas da kananzir zuwa gawayi da icce. Ba ni da bakin zargin uwar marayu da ta sayi gawayin da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo, larura tana da hukuncinta. Waɗanda nake nufi su ne masu tireloli, waɗanda ke tura yara cikin daji da injuna su kwantar da ƙirya da marke da kaɗanya ɗanyu shar, domin su ne gawayinsu ya fi nauyi da daɗewa a wuta. Kaɗanya tana kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, daga nan kuma ta ciyar da mata masu tallar man kaɗe har jikokinsu. A sa'a guda ake kayar da ita. Mun ga abin da ya sami madobiya a Taraba da maƙwabtanta, inda aka yi ta lodin gungumenta ana kaiwa ƙasar Sin, har sai da yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji ta sanya ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2016, sannan a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Daga cikin masu wannan ciniki akwai masu zuwa Umra duk Ramadan. Ina jiran ranar da malami zai dubi irin wannan alhaji ya tambaye shi hakkin wa ya ci.

Kada 'yan boko su yi murna, domin nasu kason na nan tafe. Duk shekara idan damina ta kama sai a kafa rumfuna a yi bikin dashen itatuwa, babban baƙo ya sa hula mai malafa ya riƙe shebur a ɗauki hoto, a dasa dubbai, kafin kaka awaki sun gama da su. Babu mai komawa ya ƙirga nawa suka rayu. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 zuwa 2030, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa abin da aka cim ma a yankin da aka shata bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Sannan me ake dasawa? Mafi yawa darbejiya ce da turare. Ba ni da gaba da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Daga yankin Indiya ta fito, Turawan mulki suka shigo da ita lardin Barno a 1928, ta yi wa Maiduguri da sauran biranenmu riga, ta tare iska a kwarin Majiya na Nijar, har a filin Arfa alhazai na shan inuwarta. Mangwaro da zogale ma baƙi ne, kuma mun gode Allah da zuwansu. Babu ƙabilanci a cikin itace. Amma baƙo ya zama shi kaɗai a gida har a manta da masu gida, wannan wauta ce. Ba a kaɗa miya da ganyen darbejiya, ba a yin daddawa da 'ya'yanta. Turare kuwa, ɗan Ostireliya, mashayin ruwa ne, kuma amfanin gona ba ya jin daɗin maƙwabtaka da shi.

Abin da ya fi wannan ban takaici shi ne gidajen masu hali da harabar sababbin masallatai. A share fili tas, a tumɓuke duk abin da aka tarar, a malale da siminti da intalok, a jera waɗansu dogayen itatuwan ado masu kama da sandar rake, marasa inuwa marasa 'ya'ya, don kawai an gan su a Dubai ko Abuja. A shimfiɗa ciyawar Turawa ana yi mata ban-ruwa safe da yamma daga rijiyar burtsatse, alhali a bayan katanga yara na layi da jarkoki. Ranar Juma'a kuwa sai ka ga bayin Allah a kan kwalta suna ɗaga goshi da sauri saboda zafi. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin goman ƙarshe na Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma duk wanda ya yi azumin wannan shekara a Sakkwato ko Yamai ya san abin da jikinsa ya gaya masa. Kwamitin masallacin da ya kashe miliyoyi a kan tayil da na'urar sanyaya ɗaki wadda babu wutar kunna ta, ya kasa dasa ɗurumi ɗaya, ya kamata ya sake duba ma'anar hidima ga masallata.

Idan kana son ka ga hikimar Ubangiji a cikin itacen ƙasarmu, tsaya a gaban gawo. Yawancin itatuwa suna yin ganye da damina su zubar da rani, shi gawo sai ya saɓa: da damina yake kaɗe ganyensa, ya bar wa gero hasken rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'yan da za ta ci. Manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sarari tun kafin wani mai bincike ya auna. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sanya horo mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Kuma a wannan ƙasa ta Nijar ɗin ne aka yi abin da ya kamata a ce kowane ɗalibinmu ya haddace. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tofo ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Bayan yunwar 1984 dabarar ta fara bazuwa daga gona zuwa gona, manoman yankin Magarya da Matamaye da Mirya kuma suka yi ta renon gawo a gonakinsu. Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne sassaucin doka: muddin itace na gwamnati ne, kuma ma'aikacin daji zai ci tarar manomi idan ya taɓa reshe, manomi zai tumɓuke shi tun yana ƙarami don ya huta, da ya tabbata cewa itacen gonarsa nasa ne, sai ya rene shi. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Sabara ce da kalgo da gawo da aduwa, ba a sayo ko ɗaya daga waje ba. Talakawa Musulmi masu jin Hausa ne suka yi aikin, da lauje da wuƙa, a tsallaken Jibiya da Daura. Abin kunyar a nan namu ne, mu masu hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas (RA), wanda ya tabbatar da ladan sadaka ga Musulmin da ya yi dashe ko shuka a duk lokacin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare ta, amma sai da ɗan mishan ya tsallako teku ya nuna mana kututture.

Wani zai ce ai ruwa na Allah ne, fari ma na Allah ne, dashe ba ya ƙara ko rage abin da aka ƙaddara. Haka ne, kuma arziki ma na Allah ne, amma ban ga ka fasa zuwa kasuwa ba. Wani kuma zai ce me zai kai ni dasa kaɗanyar da ba lallai in ci 'ya'yanta ba? Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda Alƙiyama ta riska da ɗan dashen dabino a hannunsa ya dasa shi idan yana da iko. Dabino kuwa ba a shekara guda yake haihuwa ba, balle a ranar da babu gobe. Akwai kuma masu cewa a baje dazuzzuka gaba ɗaya tunda sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Ina jin zafin da ke bayan wannan magana, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Sai dai Sambisa da Rugu da Kamuku da Falgore gandaye ne da hukuma ta killace, sannan ta yi sakaci da tsaronsu, shi ne ɓarayi suka gaje su. Maganin gidan da aka bari ba mai gadi shi ne a mayar da mai gadi.

Saura aiki, kuma ba ya bukatar kwangila. Ƙwallon kuka da kalwa da 'ya'yan gawo suna da taurin ɓawo, shi ya sa wanda ya binne su haka nan yake cewa ba sa fita. Ka goga gefen ƙwayar a kan dutse ko ka ɗan ƙwarzane ta da wuƙa, ko ka zuba mata ruwan zafi ka bar ta ta kwana a ciki, sannan ka shuka a ledar ruwan da ka cika da ƙasa da taki ka huda gindinta. Ka fara tun bazara domin ka dasa da zarar damina ta zauna, ka kewaye da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, ka ba shi ruwa a raninsa na farko. Wanda gidansa ƙarami ne, kada ya dasa kuka ko ceɗiya a jikin katanga, ya nemi magarya ko lalle. Idan miya yake so, ana shuka kuka a fage kamar alayyafo a riƙa tsinkar ganyenta tun tana 'yar wata kaɗan, kamar yadda ake yi a Mali. Mai gona ya bar tofon kututture idan ya zo sharar gona. Kada kuma a kori jemage daga unguwa da sunan ƙazanta ko camfi, domin shi ne ke ɗaukar ƙurar furen kuka da na dorawa daga wannan itace zuwa wancan cikin dare.

Ga ɗaliban Islamiyya da ƙungiyoyin matasa Musulmi na makarantu, ku je ku duba maƙabartar garinku. A garuruwa da yawa nan ne kaɗai aduwa da kurna da sabara suka rage, domin nan ne gatari ke jin nauyin shiga. Ku rubuta sunan kowane itace da ke ciki da adadinsa, ku kai wa mai unguwa da liman su sa hannu, a san da zamansu kafin wani ya zo da labarin farar mace. Ku tambayi tsofaffin unguwa sunan abin da ba ku sani ba tun suna raye. Sannan ku nemi kwamitin masallaci ya ba ku wurin ramuka biyar a harabar masallaci da filin idi, a rubuta su a matsayin waƙafi, a ɗora wa kowane rami mutum biyu da za a tambaya idan dashen ya bushe. Ruwan alwalar da ke kwarara kwata sau biyar a yini, a karkatar da shi zuwa gindinsu.